Yadda ake cike fom ɗin tallafin karatun jami'a a Amurka idan iyaye sun rabu

Duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare a Amurka, da zarar Oktoba ta kama sai maganar FAFSA ta taso. Shi ne fom ɗin da gwamnatin tarayya ke dubawa kafin ta ba ɗalibi tallafin Pell, ko aikin wucin gadi a cikin makaranta, ko rancen karatu. Jihohi da jami'o'i ma da shi suke auna abin da za su bayar daga aljihunsu. Kyauta ake cike shi a shafin studentaid.gov, ba a biyan ko sisi. Inda uwa da uba ke tare, aikin zama ɗaya ne. Inda aure ya mutu kuwa, tun a tambayar farko ake cijewa: bayanan wa za a saka, na uwa ko na uba?

Shawarata ita ce kada a buɗe kwamfuta sai an gama da wannan tambaya. Yawancin wahalar da ke biyo baya, daga riƙe kuɗin yaro zuwa neman takardu a tsakiyar zangon karatu, daga nan take farowa.

A fara da lissafin wanda ya fi ɗaukar nauyi

A da, wanda yaro ya fi kwana a gidansa cikin shekara shi ke cike fom. An canza wannan da dokar sauƙaƙa FAFSA da majalisar Amurka ta zartar a Disamba 2020, wadda ta fara aiki a fom ɗin shekarar karatu ta 2024–25. Yanzu wanda ya fi kashe wa yaron kuɗi a cikin watanni 12 kafin ranar cike fom shi ne zai ba da bayanansa, ko da yaron bai taɓa kwana a gidansa ba a shekarar. Har gobe akwai masu ba da shawara da tsohuwar doka, musamman waɗanda 'ya'yansu suka gama tun kafin canjin. Niyyarsu mai kyau ce, amma bayanin ya tsufa.

To, a ɗauki takarda da biro, a raba ta gida biyu, ɓangaren uwa da ɓangaren uba. A rubuta abin da kowa ya kashe: kason yaron a kuɗin haya, abinci, sutura, inshorar lafiya, kuɗin asibiti, waya, mota da inshorarta, kuɗin makaranta ko na islamiyya, tikitin jirgi idan ya je gida hutu. Ga wurin da mutane suka fi ruɗewa: kuɗin ciyarwa da uba ke turo wa uwa, ko kotu ce ta yanke ko yarjejeniya ce tsakaninsu, a ɓangaren uban ake rubuta shi, duk da cewa hannun uwar ne ya kai shi kasuwa. A ce yarinya tana zaune da mahaifiyarta, ɗawainiyarta a shekara ta kai dala 14,000, uban ya turo dala 9,000 daga ciki. Uban ne zai cike fom, ko da uwar ce ke tashi da asuba tana haɗa mata abin kari. Na san wannan lissafi yana da ciwo ga uwar da ta yi ta fama ita kaɗai, domin wahalar raino ba ta da gurbi a cikinsa. Amma fom ɗin kuɗi kawai yake aunawa.

Idan aka yi lissafi aka tarar sun yi kunnen doki, ko kuma babu wanda ya kashe komai a cikinsu, sai wanda ya fi samu da dukiya ya cike. Abubuwa uku ba sa yanke wannan hukunci: wanda kotu ta ba riƙon yaro, wanda ya saka sunan yaron a takardar harajinsa, da abin da takardar rabuwa ta ce game da wanda zai biya kuɗin jami'a. A shafin studentaid.gov akwai 'yar manhaja da ke yin tambayoyi kaɗan ta nuna wanda ya kamata. A ajiye takardar lissafin nan tare da rasit da bayanan banki, don makaranta na iya tambayar yadda aka yi aka zaɓi wane.

Wace rabuwa ce fom ya sani?

Halin da ake ciki a ranar da aka cike fom shi ake rubutawa. Idan kotu ta raba auren, magana ta ƙare. Idan ba a je kotu ba, amma an rabu da gaske, kowa da gidansa, fom yana da gurbin waɗanda suka rabu ba tare da takarda ba, kuma mutum ɗaya zai cike. Idan kuwa an yi saki amma har yanzu rufi ɗaya ake kwana, saboda tsadar haya ko saboda yara, to dukansu biyu za su ba da bayanai. Haka kuma mijin da ya koma Kano ko Yamai ko Kumasi yana kasuwanci, matar tana Bronx a birnin New York da yara, alhali igiyar aure na nan, ba su rabu ba. Nisan wuri ba saki ba ne, ma'aurata za a rubuta.

Akwai abin da ya shafi mutanenmu musamman. Da yawa an ɗaura aure a masallaci ba a yi rajista ba, ko an yi saki a gaban malam ba a kai kotu ba. Fom ɗin matsayin aure a idon doka yake tambaya, kuma dokar aure ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Wanda ke cikin wannan hali ya kira ofishin tallafin kuɗi na makarantar da yaron ke nema, ya faɗi yadda abin yake, su gaya masa gurbin da zai zaɓa. Ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Sannan batun riƙo. Yaron da ya tashi a hannun kaka, ko gwaggo, ko kawu bayan iyayensa sun rabu, komai daɗewarsa a wurinsu, fom bai ɗauke su iyaye ba sai idan sun karɓe shi a matsayin ɗa ta hanyar kotu. Kada a saka bayanan kawu a gurbin uba. Idan kotu ce ta ɗora wa wani wanda ba mahaifi ba riƙon yaron, akwai tambaya a kan haka a farkon fom, kuma tana iya sa a ɗauki ɗalibin a matsayin mai zaman kansa, ba a nemi bayanan iyaye ba sam.

Mijin uwa da matar uba

Idan wanda zai cike fom ya sake aure, dole samun sabon mijin ko sabuwar matar ya shiga. Nan ake yawan samun gardama. Mijin uwa ya ce shi bai haifa ba, agola ce, me ya haɗa albashinsa da karatunta? A fahimtar da shi cikin girmamawa cewa ba da bayani ba alkawarin biya ba ne. Babu wanda zai aiko masa da takardar bashi don ya sa hannu a FAFSA. Amma babu hanyar tsallake shi: ko sun rubuta yarjejeniya kafin aure cewa kowa da dukiyarsa, ko auren bai fi wata ɗaya ba, doka ta ce a saka. Idan sun biya haraji a takarda ɗaya a shekarar da fom ke tambaya, mutum ɗaya ya isa ya shiga ya sa hannu. Idan kowa ya biya nasa daban, ko a lokacin ba su yi aure ba tukuna, shi ma sai ya buɗe nasa asusun a studentaid.gov ya ba da nasa izinin ɗauko bayanan haraji. Ɗaya mahaifin da ba shi ke cikewa ba, shi da wadda ya aura, babu ruwan FAFSA da su.

Buɗe asusu da haɗa takardu

Ɗalibi da duk wanda zai ba da bayani, kowa sai ya buɗe asusunsa a studentaid.gov, da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ba a haɗa mutum biyu a imel ɗaya. A yi wannan da 'yan kwanaki kafin ranar cikewa. Suna da ranar haihuwa su zama daidai da yadda suke a katin soshiyal (Social Security), harafi da harafi. Mu da ake rubuta sunan mutum ɗaya Muhammad a fasfo, Mohammed a lasin tuƙi, Mamman a wata takardar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Uwar da ta koma sunan mahaifinta bayan saki ta duba wane suna ne ke kan katin yanzu. Kuma kada uwa ta buɗe wa tsohon mijinta asusu da sunansa don ta huta da roƙo, ko ɗa ya buɗe wa uba. Asusun nan sa hannu ne a idon doka.

Ɗalibin ne ake bukatar ya zama ɗan ƙasa ko mai girin kad ko wani matsayi makamancin haka da doka ta amince da shi. Matsayin iyaye ba ya hana shi samun tallafi, kuma mahaifin da ba shi da lambar soshiyal yana iya buɗe asusu ba tare da ita ba. Wannan ya haɗa da uban da ke zaune a Najeriya ko Nijar ko Gana, idan lissafi ya nuna shi ya fi turo kuɗi. Zai rubuta samunsa da hannu, ya mayar da naira ko sefa ko sidi zuwa dala bisa canjin ranar da yake cikewa.

Fom ɗin yana tambayar harajin shekara biyu baya: na 2025–26 ya yi aiki da harajin 2023, na 2026–27 da na 2024. A nemo takardar haraji ta 1040 ta wannan shekarar, da duk W-2, wato takardar albashin shekara da wurin aiki ke bayarwa, da bayanin abin da ke banki a yau, da jimillar kuɗin ciyar da yara da aka karɓa a cikakkiyar shekarar da ta wuce.

Cikewar kanta

Ɗalibi ne ya fi dacewa ya fara. Zai amsa tambayoyin da suka shafe shi, ya zaɓi makarantu, har 20 ana iya sakawa a intanet, sannan ya aika wa mahaifin da aka zaɓa, uwa ce ko uba, gayyata. Mahaifin ya shiga da asusunsa ya cike nasa ɓangaren. Abu na farko da za a nema a wurinsa shi ne izinin ɗauko bayanan harajinsa kai tsaye daga hukumar haraji ta IRS. Wannan izini wajibi ne a kan kowa, har wanda bai biya haraji a Amurka ba, har wanda ke ƙasar waje. Mutum ɗaya ya ƙi bayarwa, ɗalibin ya rasa tallafin tarayya gaba ɗaya. Idan akwai jumla ɗaya da za a karanta wa uban da ke jan ƙafa, ita ce wannan.

Ga wani wuri da ke bukatar natsuwa. Idan a shekarar harajin da ake tambaya iyayen suna tare, sun biya haraji a takarda ɗaya, daga baya suka rabu, to adadin da ke kan takardar na mutum biyu ne. Mai cikewa zai ware nasa kason ya rubuta da hannu. W-2 ɗinsa zai nuna albashinsa. Abin da suka samu tare, kamar kuɗin haya na gidan da suka mallaka su biyu, a raba gwargwadon mallakar kowa. Idan aka bar samun mutum biyu a kan uwa ɗaya mai aikin kula da tsofaffi, za a ɗauke ta mai hali, yarinya ta rasa abin da ya kamata ta samu. Wanda lissafin ya rikice masa ya kai takardun ofishin tallafin kuɗi na makaranta su taya shi.

Yawan mutanen gida yana da tasiri sosai. A ƙirga mai cikewa, da mijinta ko matarsa na yanzu, da ɗalibin, da sauran yaran da yake ɗauke da fiye da rabin nauyinsu. Fom yana ɗauko wannan adadi daga takardar haraji, kuma a gidajen da aka rabu sau da yawa ba ya yin daidai, saboda iyaye kan yi karɓa-karɓa wajen saka yara a haraji. Akwai gurbin gyarawa. A duba a gyara.

A ɓangaren dukiya, gidan da ake zaune a ciki ba ya shiga, kuɗin ajiyar ritaya ma haka. Abin da ke banki yana shiga, da hannun jari, da duk wani gida ko fili da ba a zaune a ciki, ko da a Kaduna yake ko Maraɗi. Kuɗin ciyar da yara da aka karɓa, wanda a da ake ƙirga shi cikin samu, yanzu cikin dukiya ake rubuta shi, kuma wannan ya fi sauƙi ga mai karɓa. Asusun ajiyar karatu na 529 da ke hannun ɗaya mahaifin ko kakanni ba a rubuta shi a FAFSA. Wasu gidaje masu ƙaramin ƙarfi fom ɗin da kansa yake tsallake musu tambayoyin dukiya.

Kowa ya sa hannu, a tura. Bayan 'yan kwanaki taƙaitaccen sakamako zai fito da wata lamba da ake kira SAI, wadda ke iya sauka har ƙasa da sifili, zuwa -1,500. Ƙanƙantarta ita ce yawan bukata. Mafi girman tallafin Pell a 2025–26 dala 7,395 ne, kuma ba a mayar da shi. Dokar ta sassauta wa mai raino shi kaɗai: gidan uwa ko uba ɗaya yana samun cikakken Pell idan samunsa bai wuce kashi 225 cikin ɗari na layin talauci ba, alhali gidan ma'aurata kashi 175 ne iyakarsu. Cike fom kuma ba ya tilasta wa kowa cin bashi. Wanda ke gudun rance saboda kuɗin ruwa yana iya karɓar tallafi da aikin makaranta, ya ce ba ya son rancen.

Kada son a samu ƙari ya sa a zaɓi mahaifin da ya fi talauci alhali ba shi ne ke ɗaukar nauyi ba. Ana zaɓar wasu fom a tantance su, a nemi takardu, kuma ƙarya da gangan tana jawo tarar da ta kai dala 20,000, ko ɗauri, ko duka biyun, ban da mayar da abin da aka karɓa.

Fom na biyu, wanda ke neman iyaye duka

Jami'o'i masu zaman kansu da dama, irin su Harvard, Yale, Stanford da MIT, suna neman wani fom daban mai suna CSS Profile, na hukumar College Board, kafin su ba da tallafi daga asusunsu. Waɗannan su ne masu bayarwa da yawa, kuma a wurinsu saki ya raba miji da mata ne, bai raba uba da ɗa ba. Don haka suna neman bayanan iyaye biyu. Ɗalibi da mahaifi ɗaya su cike nasu, ɗayan ya buɗe asusu daban ya cike nasa. Babu wanda ke ganin abin da ɗaya ya rubuta, kuma yana da kyau a faɗi wannan tun farko, don sau da yawa abin da ke hana mutum ba rowa ba ce, ƙin tsohuwar matarsa ta san abin da yake samu ne. Wannan fom yana tambayar darajar gidan zama ma. Kuɗinsa dala 25 ne a makarantar farko, 16 a kowace ƙari, amma kyauta ne ga ɗaliban cikin ƙasa da samun gidansu bai wuce dala 100,000 ba. Shi ne kuma fom ɗin da yawancin irin waɗannan jami'o'i ke nema daga ɗalibin da ke nema daga Afirka, wanda ba ya cikin masu cin moriyar FAFSA. Ba kowace makaranta mai amfani da shi ke neman mahaifi na biyu ba. A duba shafin kowace ɗaya.

Idan mahaifin ya ɓace, ko akwai tarihin duka da cin zarafi, ko umarnin kotu na nisanta, ana neman a yafe bayanansa. College Board tana da fom na wannan roƙo, wasu makarantu kuma suna da nasu. Ɗalibi zai rubuta yaushe rabonsa da mahaifin, ko yana turo wani abu, sannan ya haɗa da takardar kotu ko ta 'yan sanda idan akwai, da wasiƙar wani wanda ba ɗan uwa ba da ya san halin da ake ciki: mai ba ɗalibai shawara a makaranta, ma'aikacin jin daɗin jama'a, likita, ko limamin unguwa. Kowace makaranta ita ke yanke nata hukuncin, wata ta yarda wata ta ƙi. "Ya ce ba zai cike ba" kaɗai ba ya isa hujja a mafi yawansu.

Idan an ƙi ba da haɗin kai

Kafin a kai ga neman yafiya, a gwada hanyar da muka sani. Bai kamata a bar yarinya 'yar shekara 17 tana kai-komo tsakanin iyaye biyu da ba sa ga maciji ba, tana roƙon lambar haraji. A sami babba da mahaifin ke jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko malaminsa, ya yi masa bayanin abu uku: ba za a caje shi ba, ba za a nuna wa kowa sirrinsa ba, kuma akwai ranar rufewa. Ita ma yarinyar in za ta yi magana, ta yi ta kai tsaye: "Baba, ba kuɗi nake nema ba, minti talatin nake roƙo ka zauna ka cike naka ɓangaren."

In duk ya faskara, a FAFSA akwai hanya biyu. Ɗalibin da iyayensa suka yi watsi da shi, ko tuntuɓarsu ke da haɗari gare shi, ko suna tsare, zai nuna haka a fom, a ba shi matsayin mai zaman kansa na wucin gadi, makaranta ta tabbatar da takardu. Wanda kuwa iyayen suna nan lafiya, ƙi kawai suka yi, abin da zai iya samu shi ne rancen gwamnati marar rangwamen ruwa, wanda iyakarsa a shekarar farko dala 5,500 ce, babu Pell.

Lokaci da abin da ke biyo baya

Ranar 1 ga Oktoba ce ranar buɗe fom a ƙa'ida, kodayake na 2024–25 bai fito ba sai ƙarshen Disamba 2023. Wa'adin gwamnatin tarayya yana kaiwa 30 ga Yuni na ƙarshen shekarar karatun, amma kada a dogara da shi, don jihohi da makarantu suna rufewa tun da wuri, wasu kuma wanda ya riga shi ke samu. Tallafin Cal Grant na Kalifoniya 2 ga Maris ne wa'adinsa a al'ada. A New York akwai tallafin TAP, mai fom nasa daban da ake shiga bayan an gama FAFSA. Gidan da ke bukatar sa hannun mutum biyu ko uku da ba sa zaune wuri ɗaya ya fara tun Satumba.

Idan rabuwar ta faru bayan an tura fom, ko aiki ya tsaya, ko uban ya daina turo kuɗin ciyarwa, a rubuta wa ofishin tallafin kuɗi na kowace makaranta a nemi su sake duba lamarin. Doka ta ba su ikon gyara alƙaluma idan an kawo hujja: takardar kotu, takardar sallama daga aiki, yarjejeniyar haya da ke nuna gida biyu. A rubuta gajere, da kwanan wata da adadi. Ga mai tambaya kan fom ɗin kansa, layin taimako na gwamnati shi ne 1-800-433-3243.

FAFSA kowace shekara ake sake shi, kuma kowace shekara sai an sake lissafin watanni 12. Wanda ya cike bana ba lallai shi zai cike baɗi ba: uwa na iya yin aure, kuɗin ciyarwa na iya tsayawa idan yaro ya kai shekarun da kotu ta yanke, uba na iya ɗaukar kuɗin ɗakin kwana. Don haka tun daga ranar da aka tura na bana, a buɗe sabon fayil a fara tara rasit na shekara mai zuwa.